Faifan da Malam Jumare Ya Huda

Akwai wani malami a cikin birnin Zariya, a shekarar 1991, ana kiransa Malam Tanko Jumare. Yana koyarwa a wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo da ke kusa da Ƙofar Kuyambana.

Kafin ya zama malami ya yi shekara tara yana aikin akawu, kuma aikin nan bai taɓa fita daga jikinsa ba. Duk takardar da ta shigo hannunsa sai ya buga mata hatimi, ya rubuta kwanan wata, ya huda ta, ya zura mata koriyar igiya, ya ɗaure a fayil. Ba ya huda takarda a baki-baki, can ciki yake shigar da hujin don kada ta yage. Matarsa Rakiya takan tsokane shi, ta ce wasiƙun da ya rubuto mata lokacin da yake nemanta, da a hannunsa suka zauna, da yanzu kowace da hujinta.

Saboda wannan tsari nasa ne shugabar makarantar, wadda kowa ke kira Hajiya, ta ɗora masa aikin ba ɗalibai shawara kan sana'ar da za su bi idan sun gama. Yana son aikin ƙwarai. Ya taɓa kawo musu ungozoma, ya kawo wata mai aikin banki, har injiniyan lantarki ya taɓa gayyatowa ya yi musu bayani.

A watan Fabrairu ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta ba makarantar kyautar kwamfuta guda ɗaya. Ba sabuwa ba ce, amma a lokacin ko a manyan ofisoshi ba kowa ya taɓa ganin irinta ba. Aka ware mata ɗaki, aka ba Malam Jumare mabuɗi.

Tare da na'urar akwai wasiƙa, an haɗo ta da wani baƙin abu mai kusurwa huɗu, siriri kamar kwali, girmansa bai wuce tafin hannu da yatsu ba. Malam Jumare ya juya shi gaba da baya. Abin da ya zo tare da wasiƙa ai ɗan rakiyar wasiƙa ne. Ya buga masa hatimi, ya danna biro ya rubuta kwanan wata, ya haɗa shi da wasiƙar ya huda su tare, ya ɗaure a fayil. Ya koma gida ranar yana jin ya yi aiki mai kyau.

Bayan mako biyu aka tura shi Kaduna kwas na kwana uku.

A safiyar farko, saurayin da ke koyar da su ya ɗaga wani baƙin abu mai kusurwa huɗu. Malam Jumare ya gane shi tun daga nesa.

"Wannan shi ne faifai," in ji saurayin. "Irin na'urorin da ke makarantunku ba sa tashi sai an sa musu shi. A cikinsa akwai wani abu mai laushi, idan ya ji rauni shi ke nan. Kada a lanƙwasa shi. Kada a bar shi a rana. Kada a danna biro a kansa."

Wani malami daga baya ya ɗaga murya: "Kada kuma akawu ya huda shi ya sa a fayil!"

Ɗakin ya ɗauki dariya. Malam Jumare ma ya yi, tasa ta fi ta kowa ƙarfi, gumi na gangaro masa ta bayan wuya.

Sau uku a cikin kwanakin nan ya tashi da niyyar ya ja saurayin gefe ya gaya masa. Sau uku yana komawa ya zauna. Ya dawo Zariya da takardar shaida mai tambarin zinariya, malamai suka tarbe shi da sabon suna: Malam Kwamfuta.

Ranar da ya dawo, da aka tashi, ya kulle kansa a ɗakin. Ya kwance faifan, ya goge shi da gefen rigarsa, ya yi bisimilla ya zura shi kamar yadda aka nuna musu. Na'urar ta yi gurnani kamar injin niƙa da ya ci tsakuwa, ta rubuta layi ɗaya da Turanci cewa a sa mata wani faifan. Ya sake gwadawa har sau shida. Sai ya mayar da faifan cikin fayil, ya ɗaure shi yadda yake, domin ko a cikin tashin hankali hannunsa bai iya barin abu ba a ɗaure ba.

Washegari ya sayo yadi ya lulluɓe kwamfutar, ya kafa dokoki a ƙofa. Ba a shiga da takalmi. Ba a shiga fiye da mutum uku. Ba a taɓa komai. Idan aka tambaye shi yaushe za a kunna, sai ya ce wuta ba ta da ƙarfi, ko ya ce zafi ya yi yawa, a bari damina ta sauka.

Akwai wata mai buga tafireta a ofishin makarantar, Madam Ethel, 'yar Wusasa, wadda ta fi shekara ashirin tana wannan aiki. Wata rana ta tsaya a bakin ƙofar, takalmanta a hannu.

"Malam, ko zan ga faifan da ta zo da shi? Ƙanena Harold yana aiki da irinta a Samaru."

"Madam," ya ce ba tare da ya ɗago kai ba, "wannan ba tafireta ba ce."

Ta dube shi na ɗan lokaci, ta sa takalmanta ta koma.

Mutum ɗaya ce ke shiga ɗakin a kai a kai: Ummukulsum, 'yar aji biyar, wadda aka ba aikin share shi duk Litinin. Mahaifinta Malam Garba mai ɗinkin babbar riga ne da allura a Ƙofar Galadima. Yarinya ce marar yawan magana. Idan ta ɗaga yadin za ta goge ƙura, sai ta tsaya tana kallon madannan, tana haddace inda kowane harafi yake. Lokacin hutun tara kuma, sauran 'yan mata na wajen mai awara, ita tana ofis kusa da Madam Ethel, tana koyon ɗora yatsu a kan wata tsohuwar tafireta da aka daina amfani da ita.

"Yatsun 'yar mai ɗinki gare ki," Madam kan ce mata. "Ba sa ɓata hanya."

Sau da yawa takan tare Malam Jumare a baranda ta durƙusa. "Malam, mace tana iya yin aikin kwamfuta? Me ake karantawa?" Shi kuwa sai ya amsa mata da abin da ya tsinta a Kaduna, ya wuce da sauri. Ba ya son haɗa ido da ita.

Damina ta sauka. A watan Yuni wasiƙa ta zo daga jami'ar da ke Samaru. Za a ɗauki ɗalibai biyu daga kowace makarantar da ke da kwamfuta, su yi mako huɗu na dogon hutu suna ganin yadda ake aiki da ita da irin sana'o'in da ke cikinta. Za a turo mutum ya ga ɗaliban sun kunna na'urar sun rubuta wani abu. Da aka tambayi malamai wa za a sa, kowa sunan Ummukulsum ya fara kira.

Hajiya ta kira Malam Jumare. "Laraba ta sama za su zo. Ga damina ta sauka, ga wuta yau da ƙarfinta. Mu je ka kunna mini in gani."

Suka je. Ita ma sai da ta cire takalmi. Ya yaye yadin, ya danna maɓalli, bai sa faifai ba. Na'urar ta yi gurnani ta tsaya.

"Me ya same ta?"

Fayil ɗin yana cikin aljihun tebur, taku biyu daga inda yake tsaye.

"Ranki ya daɗe, ni dai lafiya lau na bar ta. Sai dai ko yarinyar nan da ke shara..."

Bai ƙarasa ba. Bai ma buƙaci ƙarasawa ba.

Aka kira Ummukulsum daga aji. Ta durƙusa a gaban Hajiya.

"Wallahi Hajiya, yadin kawai nake ɗagawa in goge. Ban taɓa danna komai ba. Malam ya sani."

Ta juya ta dube shi. Shi kuwa yana kallon taga.

Hajiya ta soke sunanta. Ta ce ko an samo mai gyara daga Kaduna, yarinyar da ba ta da amana ba za ta wakilci makarantar ba. Ta sa a rubuta wa mahaifinta wasiƙa. Madam Ethel ce ta buga wasiƙar. Ta kawo ta ajiye a gaban Malam Jumare don ya sa hannu a matsayin shaida. Ya sa hannu.

Ranar Alhamis bayan la'asar aka yi sallama a ƙofar gidansa. Ya fito zaure ya tarar da wani dattijo siriri, ya cire takalmi tun daga waje, yana riƙe da ƙwarya a rufe da faifan kaba.

"Ni ne Garba, mahaifin Ummukulsum."

Malam Jumare ya shimfiɗa masa tabarma, amma dattijon ya ƙi hawa, ya tsuguna a gefe.

"Malam, haƙuri na zo bayarwa. An karanta mini takardar a gaban abokan aikina. Ni ban yi boko ba, allura na sani. Na sa ta makaranta ne don kada ta zauna a duhu irin nawa, ban san za ta je ta ɓata kayan hukuma ba. Kai ka yarda da ita ka ba ta ɗaki, ta ci amanarka."

"A'a, Malam Garba, ai abin bai kai..."

"Ya kai, Malam. Kai mai rufa asiri ne shi ya sa. Na ce mata ta cire ranta daga ƙarfen nan. Idan ta gama zangon nan ma, ina ganin karatun ya isa haka." Ya turo ƙwaryar. "Ƙwan zabi ne, ba yawa. A soya wa yara."

Malam Jumare ya buɗe baki, amma abin da ya fito shi ne, "Madalla, an gode."

Da ya shiga cikin gida, Rakiya na tsaye a bayan ƙofar zaure. Shekara goma sha huɗu suna tare, ta san tafiyarsa idan ya ci nasara, ta san tafiyarsa idan akwai abin da ke cinsa. Ta karɓi ƙwaryar ta ajiye a kan turmi, ba ta buɗe ba.

"Malam, wata huɗu ke nan kana juya tuwo a kwano ba ka ci. Na yi shiru na ce ko aiki ne. Yau dattijo ya tsuguna maka, na ji muryarka kamar kai ne mai laifin. Zauna ka gaya mini."

Ya zauna a bakin rijiya ya gaya mata komai, tun daga hatimi har zuwa taga.

Da ya zo wajen hujin, Rakiya ta toshe baki da gefen mayafi. Ta yi ƙoƙarin daurewa ta kasa, dariya ta ƙwace mata har da hawaye.

"Ka huda shi? Har da igiya?"

"Har da igiya."

"Wayyo Malam! Na faɗa maka wata rana sai ka huda abin da ba ya huduwa."

Shi ma ya yi ɗan murmushi, karo na farko cikin watanni. Amma da ya zo wajen Ummukulsum sai dariyar ta ɗauke daga fuskarta.

"Da a kan hujin ka tsaya, da yanzu labari ne muke ba baƙi muna dariya," ta ce a hankali. "Mutumin da na aura yakan yi kuskure, na sani. Amma ban san shi da ɗora wa 'yar mutane ba." Ta nuna ƙwaryar da haɓa. "Ƙwan nan ba zan soya shi ba. 'Ya'yana ba za su ci ba."

Ta ɗebo ruwa a buta ta ajiye masa, don magariba ta gabato.

Ranar Asabar da hantsi ya sa fayil ɗin a jaka, ya hau babur ya nufi Wusasa. Sai da ya yi tambaya sau biyu kafin a nuna masa gidan, can bayan coci, da bishiyar gwaiba a ƙofa. Ya tarar da Madam Ethel tana tsince shinkafa a baranda. Ta yi masa maraba, ta kawo kujera da ruwa.

Bai san ta inda zai fara ba, sai kawai ya buɗe fayil ɗin ya miƙa mata.

Ko kallonsa ba ta yi ba. "Na gani tun watan Maris, Malam. Ranar da Hajiya ta aike ni in sa takardar godiya a ciki."

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Me ya hana ki faɗa?"

"Na zo ƙofarka, ka ce mini ba tafireta ba ce. Na ce to, bari in jira ranar da zai tambaya. Fushi ne, ba wani abu ba." Ta ajiye tiren shinkafar. "Ni ma ina da nawa kason. Da hannuna na buga wasiƙar nan, ina sane yarinyar ba ta yi komai ba. Na ce ba zan tozarta malami a gaban shugaba ba, sai na bari aka tozarta yarinya. Tun ranar ban ji daɗin abinci ba. Da ba ka zo yau ba, Litinin zan kai wa Hajiya fayil ɗin."

Ta ƙwala wa ƙanenta kira. Harold ya fito, wani dogon mutum mai fara'a, da tawul a wuya. Da ya ga faifan yana lilo a jikin koriyar igiya, ga hatimi ga kwanan wata, sai ya zauna a ƙasa don dariya.

"Malam, ka yi haƙuri, wallahi ba raini ba ne. Shekara shida ina aikin nan ban taɓa ganin faifan da aka karɓa bisa ƙa'ida irin wannan ba!"

Ya shiga ɗaki ya fito da wani ƙaramin akwati cike da irinsu. Ya zaro ɗaya ya miƙa masa.

"Ga shi. Irin wannan kullum muke kwafarsa, minti biyu ne."

Malam Jumare ya riƙe faifan da hannu biyu. Wata huɗu na rashin barci, ashe minti biyu ne.

"Ka sa shi ranar Litinin kafin kowa ya zo," in ji Harold, wanda bai san zancen yarinyar ba. "Ka ce ka kwana kana gyara. Har ƙarin girma sai an yi maka. Mu nan babu mai ji daga bakinmu."

Madam Ethel ta ɗauki tirenta ta ci gaba da tsince shinkafa.

A hanyar komawa shawarar Harold ta yi ta yi masa daɗi a kunne. Na'ura za ta tashi. Zai roƙi Hajiya ta mayar da sunan yarinyar, a ce Malam mai tausayi ne. Kowa ya samu abin da yake so. Sai dai har ta bar makarantar, Ummukulsum za ta zauna a matsayin wadda ta ɓata aka yafe mata, kuma duk inda ta gan shi sai ta durƙusa ta yi masa godiya. Da ya hango wannan durƙuson a ransa, sai da ya tsayar da babur a gefen hanya ya zauna na ɗan lokaci.

Ranar Litinin a taron safe, bayan an yi addu'a, ya nemi izinin Hajiya ya hau baranda. Ɗalibai sun fi ɗari shida a tsaye cikin layi. Ya buɗe fayil ya ɗaga shi sama, faifan na lilo.

"Wannan shi ne abin da ke tayar da kwamfutarmu. Ni na huda shi da hannuna ranar da ta zo, saboda ban san mene ne ba. Tun ranar ba ta taɓa tashi ba. Ba wuta ba ce, ba zafi ba ne."

Sai wata daga layin 'yan aji ɗaya ta fashe da dariya, dariyar ta bazu har cikin malamai. Ya tsaya ya jira ta lafa. Kunnuwansa kamar an zuba musu barkono.

"Ku yi dariya, abin dariya ne. Wanda zan faɗa yanzu shi ne ba na dariya ba. Da aka tambaye ni, na ji kunyar in ce ban sani ba, sai na ɗora wa Ummukulsum Garba. Ba ta taɓa komai ba. Ƙarya na yi mata."

Wannan karon babu wanda ya yi dariya.

Hajiya ta miƙa hannu ba tare da ta dube shi ba. Ya ciro mabuɗin ɗakin kwamfuta da sabon faifan ya ba ta, ta juya ta miƙa wa Madam Ethel a gaban kowa. Kafin a tashi ranar sunan Malam Kwamfuta ya mutu, 'yan mata sun raɗa masa Malam Huji, kuma da shi aka san shi har ya yi ritaya.

Da tara Madam Ethel ta sa sabon faifan. Na'urar ta yi 'yar ƙara, koren rubutu ya bayyana. Ta zaunar da Ummukulsum a kujera, ta ce ta rubuta sunanta. Yarinyar ba ta kuskure harafi ko ɗaya ba. Hajiya da kanta ta mayar da sunan cikin takarda.

Da aka tashi, Malam Jumare ya tare ta a bakin ƙofar makaranta.

"Ummukulsum, ki yafe mini."

Ta sunkuyar da kai. "Na yafe, Malam." Sannan ta ƙara da murya ƙasa-ƙasa: "Amma Baba bai yi mini magana ba tun ranar da aka kai takardar. Ko na gaishe shi, kai kawai yake ɗagawa. Idan ni na gaya masa ba zai yarda ba."

Ya ɗauka ya gama shan kunya da safe. Ashe da saura.

Bayan la'asar ya je Ƙofar Galadima. Zauren Malam Garba cike yake da maɗinka, su biyar a kan tabarma, kowa da riga a cinya yana aikin allura. Da suka ga malamin boko sai suka fara gyara zama. Malam Garba ya tashi da sauri zai ba shi buzunsa. Malam Jumare ya ƙi, ya tsuguna a bakin ƙofa.

Ya so ya ce a ba su wuri, sai ya tuna a gabansu aka karanta wasiƙar. Ya faɗi komai a gaban su duka.

Babu wanda ya yi dariya a nan. Allurai suka tsaya.

"Malam," in ji Malam Garba, "kai sau ɗaya ka faɗi abin da ba haka ba. Ni kuwa sau uku 'yata ta rantse mini, tana kuka, na ce mata malami ba ya ƙarya. Ni na haife ta, ban taɓa kama ta da ƙarya ba, amma na ɗauki takarda mai hatimi na ajiye maganarta." Ya goge ido da bayan hannu. "Kai ka zo ka sauke naka. Ni wa zan kai wa nawa?"

Ya ajiye rigar, ya tashi ya leƙa cikin gida.

"Ummu! Zo nan, uwata."

Ta fito da mayafi, ta durƙusa daga nesa. Dattijon ya taka har inda take, ya kama hannunta ya tashe ta tsaye, a gaban abokan aikinsa da malaminta.

"Ki yafe wa babanki," ya ce.

Yarinyar ta rufe fuska ta fashe da kuka. Malam Jumare ya tashi a hankali ya fita. Babu wanda ya raka shi, kuma bai ga laifin kowa ba.

Ranar Laraba baƙon Samaru ya zo, Ummukulsum ta ci gwajin. Ranar da za ta fara zuwa, mahaifinta ya ajiye allura, abin da bai saba yi da safe ba, ya raka ta da ƙafa har tasha. Ya tsaya yana gaya wa direban bas, da duk wanda ke kusa ko bai tambaya ba, cewa 'yarsa ce, jami'a za ta je koyon kwamfuta.

Darasi: Faɗin "ban sani ba" nauyinsa na minti biyu ne, amma ɓoye shi yakan faɗa kan wanda ba shi da bakin kare kansa. Malamai, ku tambayi na ƙasa da ku, wataƙila amsar tana ofishin da kuke rainawa. Iyaye, idan 'ya'yanku suka rantse muku, ku saurare su kafin ku saurari takarda. Ku tura wa malami ɗaya da uba ɗaya da kuka sani labarin nan, ko Allah zai sa wata yarinya ta tsira da burinta.